Ɗanyen Tumatirin Assunta

Shafi na 23

Masu bina da haƙuri, na ga saƙonninku, har da na waɗanda suka fara fushi da Mena tun ba ta yi komai ba. Ga wanda yau ya shigo: ni ce Lina. Katanga ɗaya ce tsakanin gidana da na Assunta a Adelaide tun muna amare. 'Ya'yanta biyu, Rocco da ƙanwarsa Mena, sun kawo mu hutu bakin teku, a ɗan gidan kwanon nan da marigayi mijinta Saverio yake kama musu haya duk bazara. Mena ce ta tuƙo mu. Rocco ya ce aiki ya riƙe shi a gari, sai jiya da yamma ya iso. Mu ɗora daga safiyar.

*

Na fito na tarar da Assunta a baranda, cikin baƙar rigarta, tana korar ƙudaje da mayafin kanta.

Ruwa ya fara janyewa. A can tsallaken teku duwatsun Adelaide sun fito shuɗi-shuɗi, kamar ka miƙa hannu ka taɓa.

Ta nuna min su da haɓa.

"Ga gida can. Ga hayaƙin girkinki ma ina hangowa, kin sake ƙona wake."

Na ce mata ai mai ƙona waken tana nan zaune kusa da ita. Ta yi dariya, ta tuna min da maganar Saverio, da yake cewa ranar da motarsa ta mutu a nan ba zai kira kowa ba, zai jira ruwa ya janye ne ya naɗe wando ya taka har gida.

Daga nan ta koma kan abin da take komawa kullum tun ranar da muka zo: tumatir.

Wanda ya san Assunta ya san bayan gidanta. Rabin filin tumatir ne, irin da uwarta ta ƙullo mata a bakin zane daga mahaifarsu, Calabria. Duk ƙarshen Fabrairu ake tara dangi a gareji, a markaɗa, a dafa, a cika kwalaben miyar shekara. Bana shukar ta yi kyau fiye da kowace shekara, kuma a zafin Janairu, wanda shi ne tsakiyar bazara a nan, kwana biyu ba ruwa ya isa ya kashe ta. Da ƙyar aka fito da ita daga gidan. Sai da Rocco ya rantse mata cewa safe da yamma zai riƙa zuwa ban ruwa.

Jiya da ya iso, kafin ta tambaye shi hanya ta tambaye shi tumatir.

Ya ce sun ƙoshi.

Hutun dai ba laifi. Mena ta yi ta yawo da mu. Mun je hasumiyar fitilar jiragen ruwa, Assunta ta ƙi hawa, ta ce ita ba jirgi ba ce. Mun je tafkin gishirin nan mai ruwan hoda, ta lasa ta ce bai kai miyar Mena gishiri ba. Mun hau ɗan jirgin ƙasa na tsohon ramin tagulla, mun sha askirim a kan gadar masunta.

Wuri ɗaya ne ya tsaya min a rai.

Shekaranjiya Mena ta ce akwai wani lambun wardi a garin da ke gaba, ana shan shayi a ciki. Muka je. Wardin kam akwai su. Amma matar da ta tarbe mu, mai shuɗiyar riga, ta kira sunan Assunta tun ba a gaya mata ba. Ta kawo mata gahawa baƙa ba sukari, yadda take sha, ba tare da ta tambaya ba. Har ta zaga da mu wani ɗaki mai gado ɗaya da taga tana kallon wurin ajiye motoci, wai ko za mu so mu miƙe ƙafa.

A mota Assunta ta ce wannan wane irin lambu ne, duk masu yawon cikinsa tsofaffi ne da silifas ɗin ɗaka.

Mena ta ƙara sautin rediyo.

Ni kuwa na ce wa zuciyata kada ta ɗora wa yaran mutane abin da ba su yi ba.

*

Rocco ya fito yana miƙa. Babban mutum ne, furfura ta fara cin gemunsa, amma har yau in ya ga uwarsa sai ya sunkuya ya sumbaci goshinta.

Ya sunkuya. Ta kama hannunsa.

Ta juya tafin, ta duba yatsun. Gefensu da ƙarƙashin farcen duk sun yi kore mai duhu, irin tabon da sabulu ba ya fitarwa a wanki ɗaya. Ta kai hannun hancinta.

"Ban ruwa kawai ka yi?"

"Ban ruwa kawai, Mama."

Ta saki hannun.

Shirin ranar shi ne kamun ƙaguwa. Da tsakar rana ruwa zai janye har ya bar fili iya ganinka, sai a shiga da manjagara ana karce yashi, ƙaguwa na fitowa. Rocco ya ce manjagarun suna cikin a-kori-kurarsa, zai ɗauko in ya karya. Mena ta leƙo ta taga ta ce Yaya ya zo tana son ganinsa. Ya shiga, suka turo ƙofa.

Assunta ta miƙe tana dafa gwiwa.

"Taso, Lina. Mu ɗauko masa manjagarun, ya gaji."

Motar ba a gaban gida take ba, inda inuwa take. Can bayan tankin ruwa ya kai ta ya ɓoye, ya lulluɓe bayanta da tamfol, ya ɗaure da igiya ta ko'ina. Na ce mata mu bari ya zo da kansa. Ba ta ko kalle ni ba. Yatsunta da ciwon gaɓoɓi ya lanƙwasa suka bi ƙullin ɗaya bayan ɗaya.

Ta yaye tamfol ɗin.

Ƙamshin ne ya fara buge mu. Ƙamshin ganyen tumatir da ya kwana a rufe.

Akwatunan katako ne jere, wani kan wani, cike da dunƙule-dunƙulen jarida. A gefe ga sandunan da Saverio ya fere da hannunsa don tallafar shuka, an ɗaure su dami guda, da sauran ƙasa a gindinsu. Ga injin markaɗe. Ga babbar tukunyar miya. Ga kuma reshen ɓaure, an yanko shi an naɗe gindinsa da jiƙaƙƙen buhu.

Assunta ta ɗauki dunƙule ɗaya ta warware.

Tumatir ne. Ɗanye shar, mai tauri kamar dutse.

Ta warware na biyu. Ta warware na uku. Wannan ko girman ƙwai bai kai ba.

Ta daɗe tana kallonsa a tafin hannunta. Sannan ta mayar da jaridar ta naɗe biyun a hankali, ta ajiye su inda ta ɗauko, ta riƙe ƙaramin.

*

Rocco da Mena suna zaune a teburin kicin da burodi da gahawa lokacin da muka shiga. Suka katse maganarsu lokaci ɗaya.

Assunta ta ajiye tumatirin a tsakiyar tebur, kusa da man shanu. Ta ja kujera ta zauna. Ta gyara rigarta.

"Rocco, wa ya koya maka naɗe tumatir a jarida?"

Ya kalli Mena. Ya kalli tebur.

"Ke ce, Mama."

"Yaushe ake yi?"

Shiru.

"Tambayarka nake. Yaushe ake cire ɗanye a naɗe?"

"In sanyi ya shigo." Muryarsa da ƙyar take fita. "In za a tuge shukar."

"Yau wane wata muke?"

Ya sa fuskarsa cikin hannayen nan masu tabo.

Mena ta ajiye kofinta da ƙarfi, ta juya kansa. Ta ce ai sai da ta gaya masa. Abu ɗaya aka ba shi, ya kwashe kayan ɗaki ya kulle ƙofa ya taho, amma shi sai da ya tsuguna a rana yana naɗe tumatir ɗaya-ɗaya kamar jarirai.

"Na ce ka bar su su ruɓe. Ban ce ba? Ɗan Mama."

Rocco ya ce bai iya ba. Ya ce ya shiga bayan gidan ya gan su sun yi nauyi a reshe, ya tsaya, ya kasa. A gidansu ba a taɓa barin tumatir ya lalace a ƙasa ba.

Assunta ta gyaɗa kai, kamar malamar da yaro ya ba ta amsa daidai.

Ta juya wajen 'yarta.

"To, Filomena. Yi bayani."

Mena ba ta ɓoye komai ba, kuma ba ta sassauta ba. Ta ce lambun wardin nan gidan tsofaffi ne. An samu gurbi, ɗakin da aka nuna mana shi ne nata, gobe da safe suke jiranta. A birni an yi ta nema ba a samu ba. Ta ce da an gaya mata a gida da ta tara musu unguwa da coci da limamin cocin, shi ya sa aka ce hutu.

Assunta ta ce ita ba ta yarda ba, kuma da ranta da hankalinta.

Mena ta ce ai ta riga ta yarda. Ranar da ta faɗi a cikin shukar, da aka kwantar da ita asibiti, ta sa hannu ta ba su wuƙa da nama a kan lamuranta.

"Kun ce na magani ne."

"Na komai ne, Mama."

Daga nan Mena ta shiga lissafo laifuffuka. Gas da aka bari a kunne har maƙwabta suka ji wari. Faɗuwar da ta yi tun safe ba wanda ya sani sai da rana ta take. Ranar da ta kira Rocco da sunan babansu. Ta ce ita ce mai zaryar asibiti, ita ce mai wankin zanen gado, ita ce wayarta ba ta hutawa. Tun tana yarinya ita ke tsaye a gareji tana wanke kwalabe hannunta na tsagewa, Yaya kuma yana zaune ana ba shi miya a cokali ya ɗanɗana.

"Kin taɓa ce min sannu? Sau ɗaya? Miyata gishiri, ɗinkina karkatacce, mijina rago. Na gaji, Mama. Can akwai masu albashin jin wannan."

Gaskiya akwai abin da ta faɗa da yake haka ne. Na sha gaya wa Assunta ta riƙa sassauta wa yarinyar nan harshe. Amma akwai yadda ake faɗin gaskiya, kuma ba haka ba ne.

Assunta ba ta yi musu ba. Tambayoyi ta shiga yi, ɗaya bayan ɗaya, murya ƙasa-ƙasa.

Hoton Saverio? Yana cikin akwati, za a rataye mata.

Keken ɗinkinta? An bayar.

Gadon?

Rocco ya ɗago zai yi magana, Mena ta riga shi. Ta ce ba zai shiga ɗakin can ba, masu karɓar kayan sadaka sun zo sun ɗauka.

A kan gadon nan aka haifi Rocco. A kansa Saverio ya cika, hannunsa cikin nata, ina tsaye a bakin ƙofa.

*

A nan na kasa ci gaba da shiru.

Na ce yara, ku saurare ni. Ɗakin ɗana yana nan a rufe tun da ya koma Perth. Ta zo wajena. Ni zan riƙa duba gas, ni zan riƙa ba ta magani. Da safe in buɗe mata ƙofar katanga ta shiga lambunta, da yamma ta dawo. Ba sai kowa ya yi zarya ba.

Na ga idon Assunta ya ɗan motsa. Na ga Rocco ya ɗago kai da sauri, kamar wanda aka miƙo wa igiya a rijiya.

Mena ta yi murmushi.

"Wane lambun, Anti Lina?"

Na ce lambun gidan mana.

"An sayar da gidan. Ranar Litinin katafila za ta shiga. Gidaje huɗu za a yi a wurin. So kike ki ajiye mata kujera a tagarki ta sha kallo?"

Rocco ya ce, "Mena, ya isa."

"Bai isa ba. Kai ka jawo, da tumatirinka."

Assunta ta tambayi ɓauren. Shi Saverio ya dasa shi shekarar da suka sayi filin, tun babu ko katanga. Rocco ya ce ya yanko reshe, in an kula da shi zai kama. Ta tambaye shi a ina zai kama, a wurin ajiye motoci?

Sai a lokacin wani abu ya faɗo min. Na tambayi Mena, in haka ne, ni me ya sa aka gayyato ni? Tun rasuwar Saverio ba a taɓa cewa in zo ba.

Ta kalle ni kamar mai mamakin sai yanzu na gane.

"Da mun bar ki a gida, motar kwasar kaya na tsayawa za ki ɗaga labule. Kafin a sauke kujera ɗaya kin kira ta."

Wato askirim ɗin, da jirgin ƙasan, da "Anti zo ki zauna gaba, ƙafarki": duk don a kawar da idona daga taga ne.

Na ce Allah ya isa tsakanina da ke, Filomena. Ni na yi miki wankan farko da aka haife ki. Ni na riƙe ki ranar da aka yi miki baftisma.

Da na san abin da zai biyo baya, da na haɗiye maganar.

Mena ta juyo da kujerarta ta fuskance ni sosai. Ta ce kada in zo nan ina wanke kaina a gaban uwarta. Wa ya kira ta ranar faɗuwar, yana kuka a waya? Wa ya ce, da bakinsa, matar nan bai kamata a ƙara barinta ita kaɗai a gidan nan ba? Wa ya ba su labarin gas ɗin, tunda Mama ta ɓoye?

"Mu ba mu san komai ba, Mama. Ƙawarki ce ta buɗe mana ido."

 

Assunta ta juyo a hankali.

"Kin faɗa, Lina?"

Na ce na faɗa, amma ba wannan nake nufi ba. Nufina su riƙa zuwa. Su riƙa kwana. Rocco ya gyara mata murhun. Na tsorata ne ranar, na same ta kwance cikin shuka leɓenta ya bushe, tururuwa na bin hannunta.

"Gas ɗin fa? Na ce miki tsakaninmu."

"Assunta, tsoro na ji."

"Kin faɗa."

Ba ta ɗaga murya ba. Da ta zage ni da ya fi min sauƙi.

Ta sa hannu a wuyan rigarta ta jawo zaren da take rataye da shi. Makullai biyu ne a jiki, nata da nawa. Tun muna da ƙananan yara muka yi musaya, kowacce na riƙe da na 'yar'uwarta saboda tsautsayi. Ta kwance ƙullin da haƙori, ta zare nawa, ta tura min shi a kan tebur har ya tsaya jikin tumatirin.

Na fara laluben jakata in fito da nata, don ban san abin da zan yi da hannuna ba.

"Riƙe," in ji ta. "Ba ƙofar da zai buɗe."

*

Bayan haka sai ta zama wata iri. Ta yi laushi, laushin da ban taɓa gani a jikinta ba.

Ta ce a kawo mata kayanta ta gani. Mena ta je motarta ta jawo babban akwati daga ƙarƙashin kujerun shan iska, inda yake ɓoye tun ranar da muka taso. Aka buɗe a tsakar ɗaki. Rigunan sanyi ne a sama, da safa masu kauri, da baƙin kwat ɗinta na zuwa coci a watan Yuli, tsakiyar sanyinmu. A wuyan kowace riga an ɗinka ɗan farin ƙyalle da sunanta, don kada kayanta su cakuɗe da na sauran tsofaffi wajen wanki.

Assunta ta ɗaga kwat ɗin ta kai wuyan kusa da idonta.

"Ke kika ɗinka?"

Mena ta ce ita ce. Ta ɗaga haɓa, tana jiran a ce ya karkace.

"Ya yi kyau. Sannu, Filomena."

Na ga fuskar Mena ta yi wani iri. Ta ɗauki wayarta ta fita, ta ce za ta kira mutanen can ta gaya musu an gama magana.

Assunta ta sa Rocco ya shigo da akwatin tumatir ɗaya da reshen ɓauren. Ta zauna ta nuna masa yadda zai jera su a inuwa, kada ɗaya ya taɓa ɗaya, ya riƙa juya su, wanda ya fara laushi ya fitar. Ƙananan ba za su nuna ba, ya yanka su ya jiƙa a gishiri da ruwan tsami. Manya biyu ya bar su su nuna har su lalace, ya matse irin ya shanya a tsumma.

Yana ta cewa to, Mama. To, Mama. Hawaye na bin gemunsa.

Ya ce zai riƙa zuwa duk Lahadi. Tafiyar ba ta da nisa sosai.

Ta shafa kansa. Ta ce ta sani.

Ni ba ta ƙara kallon inda nake ba. In na matso ta kawar da kai. Na zuba mata ruwa, ta bar shi a inda na ajiye.

Ba wanda ya ƙara zancen ƙaguwa. Rana ta take, kwanon rufin ya fara ƙara don zafi. Assunta ta ce za ta ɗan kishingiɗa. Na miƙe zan bi ta, tunda ɗaki ɗaya muke kwana.

Ta tsaya a bakin ƙofar.

"Akwai kujera a baranda."

Ta rufe.

Na zauna a barandar gaba, wadda ke kallon titi, makullina a hannu. Mena tana cikin motarta da gilashi a rufe, tana waya tana kaɗa hannu. Rocco ya koma bayan tanki, ina jiyo shi yana sauke akwatuna yana jan hanci.

Na yi ta shirya abin da zan gaya mata. Na ce bari ta huce. Shekarun da muka yi tare ba za su tafi a kan magana ɗaya ba. In ta farka zan durƙusa in ba ta haƙuri, sannan mu nemi lauya, mu kira limamin coci, mu kira ɗan'uwan Saverio da ke Melbourne. Litinin ba ta yi ba tukuna.

Da na ga inuwa ta fara karkata, na shiga na dafa mata gahawa. Baƙa, ba sukari.

Na ƙwanƙwasa. Shiru.

Na tura.

Gadon a gyare yake, ko zama ba a yi a kai ba. Akwatin na buɗe a ƙasa. Kwat ɗin ba ya ciki.

Ƙofar baya, mai fita bakin ruwa, a buɗe take, iska na kaɗa ta.

A kan matakala ga takalmanta, an jera su kusa da juna, safa a ninke a cikin kowanne.

Daga nan sawu ya fara. Ƙananan sawu, na dama yana ɗan ja saboda ƙugun da ta faɗi a kai. Ya ratsa busasshiyar ciyawar ruwa, ya sauka kan jiƙaƙƙen yashi, ya miƙe sak. Bai bi gefen gaɓa ba. Bai nufi gadar masunta ba.

Na bi shi da ido har inda yashi ke rawa cikin zafi.

Can nesa, nesa ƙwarai, wani ɗan baƙin abu yana tafiya. A hannunsa akwai wani abu dogo kamar sanda, da buhu a gindinsa.

A gabansa, duwatsun Adelaide.

Kofin ya suɓuce min. Na kira Rocco da muryar da ban san ina da ita ba.

Ya zo a guje. Mena ta biyo shi, waya a kunne. Ta sa hannu ta kare rana, ta duba, ta daɗe tana dubawa.

"Ku bar ta," in ji ta. "So take mu bi ta muna roƙo. Ruwa na taɓa mata gwiwa za ta juyo."

Rocco bai ji ta ba. Ba uwarsa yake kallo ba. Ƙasa yake kallo, kusa da mu.

Duk wanda ya taɓa kamun ƙaguwa a nan ya sani: in ruwa zai dawo, ba daga gabanka yake zuwa ba. Ta kwarin da ke kusa da gaɓa yake zagayowa, shiru, ya cika bayanka tukuna.

Ɗazu kwarin nan yashi ne.

Yanzu ruwa ne ke gudu a cikinsa, ya riga ya shafe sawun.

Assunta ta shekara hamsin tana zuwa bakin tekun nan, ba ta taɓa koyon iyo ba.

Rocco ya tsunduma da takalmansa yana kiran Mama. Iska ta dawo mana da muryarsa.

Ba ta waiwayo ba.